Dutsen da Na Ɓoye a Sito

Sallama gare ku masu karatu. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa na cika kewaye-kewaye kafin in shiga magana. Gaskiyarta ce, ko a baki haka nake. Yau zan yi ƙoƙari in miƙe.

Ga wanda yau ya fara shigowa, a gida Auta ake ce mini. A makarantar sakandaren da nake koyar da labarin ƙasa kuwa, yara sun laƙaba mini Malama Raɗa, don na kujerar baya sai ya karkato kunne yake jin abin da nake faɗa. Aikin na wucin gadi ne, gurbin wata malama na riƙe da ta tafi ƙaro karatu. Sai kuma Likita. Likitan ido ne, a wurinsa na canja gilashina. Ya sa ni karanta haruffan bango har layin ƙarshe, sannan ya ce bai taɓa ganin wadda ta karanta su kamar tana jiran ta ji yadda labarin zai ƙare ba. Daga nan aka fara. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba.

Ga inda matsalar take. Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta zo wurin Umma ta ce ƙanenta yana son matar da zai dawo aiki ya tarar a gida. Ina durƙushe ina zuba musu ruwa Umma ta ce, "Ai koyarwar nan rage zaman banza ce kawai. Da zangon nan ya ƙare shi ke nan. Ko ba haka ba, Auta?"

Na gyara zaman gilashina. A gidanmu in aka tambaye ni abu na gyara gilashi, an ɗauka e na ce. Ni kuma ban taɓa gyara musu fahimtar ba.

Satin da abin ya faru, mu uku muke zama a ɗakin malamai bayan an tashi, ƙarƙashin fankar nan mai kuka kamar za ta faɗo. Hajiya Taswira ce shugabar sashenmu, gajera mai jiki, kullum da alli a gefen mayafinta. Malam Sinadari na kimiyya ne, dogo, duk rigunansa da tabon biro a aljihu. An ɗora mana shirya darasin duwatsu masu aman wuta, irin wanda yara za su taɓa da hannu, kuma malaman wasu makarantu za su zo su gani ranar Litinin.

"Yaran nan hadda kawai suke yi," in ji Hajiya. "Na tambayi wata me dutsen yake amayarwa, ta ce mini gawayi."

"Ta yi ƙoƙari, Hajiya. Nawa cewa ya yi fetur."

Hajiya ta zo da dafaffen ƙwai a jaka. Ta ƙwanƙwasa shi a tebur, ɓawon ya tsattsage bai rabu ba, ta ce haka ɓawon ƙasa yake, kuma yawancin duwatsun a bakin tsagar suke fitowa. Kowane rukuni na yara a ba su ƙwai ɗaya. Malam ya ce to a tanadi gishiri, don ya san ƙarshen ƙwan. Shi nasa zuma ce da ruwa a faranti a karkace, yara su ga yadda narkakken dutse mai kauri yake jan jiki, mai ruwa-ruwa kuma yake sheƙawa. Duk wannan ba a yi musu ba. A kan dutsen kansa aka yi faɗa, wanda ake ginawa a jikin kwalbar roba, a zuba garin soda da ɗan sabulu a ciki, a tsiyaya ruwan khal, wato binega, mai jar kala ya yi ambaliya.

"Kumfa ce fa kawai," in ji Malam. "Ba zafi, ba narkakken dutse. Yaro zai koma gida ya gaya wa uwarsa akwai ruwan khal a ƙarƙashin ƙasa."

"Kai dai ba ka son ka ga yara suna murna. In ba su ga abu ya yi tsiri ba, barci za su yi mana a gaban baƙi."

"Gara su yi barci da su haddace ƙarya."

Ina gefe ina murza murfin biro. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. "To a bar su su nemo ƙaryar da kansu mana."

Hajiya ta juyo. "Malam, kashe fankar nan, Raɗa za ta yi magana."

Ya kashe. Ina kallon tebur na ce a yi dutsen, a bar su su yi ihunsu su more. In kumfar ta kwanta sai a raba allo biyu, a tambaye su me dutsen nan ya faɗa daidai, me ya yi ƙarya. Su taɓa su ji ba zafi. Su gano cewa iskar da ke neman hanyar fita ce ta turo shi sama, kuma wannan ɓangaren gaskiya ne.

Malam ya gyaɗa kai. Sai ya ce tunda haka ne a yi kwalba biyu, ɗaya mai sanyi ɗaya mai ɗumi, yara su yi hasashen wadda za ta fi saurin tashi. Hajiya ta ɓare ƙwan ta miƙo mini rabi. "Ke za ki koyar da shi," ta ce.

Washegari Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Malamar da na riƙe wa gurbi ba za ta dawo ba. In ina so, aikin nawa ne na dindindin. In ba ta amsa Litinin da safe kafin darasin. Na ce na gode, na fito, na shiga banɗakin malamai na tsaya ina kallon famfo.

A gida na gina dutsen, a sito, bayan buhun shinkafa da tsohon keken ɗinkin Umma. Tsofaffin jaridun Abba na yayyaga na jiƙa da gam, na lailaya a jikin kwalbar har ya kai mini gwiwa. Na shafa masa baƙin fenti da ruwan ƙasa, na ja jajayen layuka daga baki zuwa gindi. Na ma liƙa 'yan gidajen kwalin ashana a ƙasansa. Ban taɓa yin abin da na tsaya ina kallo haka ba.

Ina wanke fenti a yatsu saƙon Likita ya shigo.

"Ranki ya daɗe. Asabar bayan la'asar zan zo gaida Abba. Na goge farar shadda, ki yi mini addu'a kar in yi in'ina."

Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na rubuta, "An ba ni aiki." Na goge. Abin da ya tafi shi ne, "Allah ya kawo ka lafiya."

Asabar da safe na shiga kicin in gwada ma'aunin kafin Litinin. Na sirka ruwan khal da ruwa, na ɗiga jar kalar abinci har ya yi kyau kamar a sha. Na cika tsofaffin robobin lemo biyu, ɗaya na kai waje cikin rana, ɗaya na sa a firij. Ina girgiza ta biyun Umma ta leƙo, hankici a hanci, mura ta kama ta tun tsakiyar sati, ko ƙamshin albasa ba ta ji.

"Au, har kin fara? Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Na zaci gyaran kicin take nufi.

Gwaggo, ƙanwar Abba, ta iso da rana da jakar kayan kwalliyarta. Ita ta zaɓar mini leshi ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, ta ɗaura mini ɗankwali har sai da na ji girata ta ɗaga, ta yafa mini mayafi mara nauyi. Ta ja baya ta kalle ni.

"Cire tabaran nan."

"Gwaggo, shi fa ya ba ni su."

"Ya ba ki don karatu, ba don ki zo masa kamar mai duba takardar jarrabawa ba. Cire. Kuma ki ji ni da kyau, yau ban da maganar makaranta. Ko an tambaye ki, murmushi ya isa."

Na cire, na dunƙule shi a hannu cikin mayafi.

Ina ɗaki na ji tsayuwar motarsa, na ji sallama, na ji Abba yana cewa bisimilla. An daɗe kafin a kira ni. Da na shiga falo komai dishi-dishi nake gani. Turaren wutar da Gwaggo ta banka ya cika ɗakin. Ga Abba a kujerarsa da kofin shayi, ga Umma a gefe, ga wani fari a ƙasa kan kafet, na san shi ne. A kan ƙaramin tebur akwai farantin biskit da jug ɗin gilashin da ba a fito da shi sai baƙo mai daraja. Abin da ke ciki ja ne, da ƙanƙara.

Na durƙusa na gaida su. Ya amsa da wata murya da ban san shi da ita ba, kamar wanda aka shaƙe.

"Ita ta haɗa maka da hannunta tun safe," in ji Gwaggo. "Uwarta ta gan ta. Ni ba don ciwon sukari ba da na taya ka. Ya ka ji shi?"

"Ya yi armashi, Gwaggo." Ya yi gyaran murya. "Akwai ɗan tsami-tsami."

"Haka 'yan zamani suke so. Kawo kofin in ƙara maka."

A lokacin warin ya ratso turaren ya iso hancina. Na zaro gilashina na maƙala. Idanun Likita sun kaɗa jajir, hawaye ya taru, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kofin hannunsa saura kaɗan. Kuma wallahi miƙa shi yake yi, da hannu biyu, yana murmushi.

Masu karatu, ku tsaya a inda na tsaya. In na yi shiru, bawan Allah zai shanye kofi na biyu ya yi godiya, ya tafi gida ya kwanta da ciwon ciki, a ci gaba da shiri kamar yadda aka tsara. In na buɗe baki, makarantar da aka hana ni ambata ce za ta shigo falon gaba ɗayanta. Gwaggo ta cika kofin. Ya kai shi baki.

"Kar ka sha."

Ni kaina na tsorata da muryar. Da a aji ne, har na kujerar baya ya ji.

"Ruwan khal ne da kala. Ba lemo ba ne. Na dutse ne."

Likita ya ajiye kofin a hankali, kamar wanda aka yi wa afuwa. Umma ta ɗauki jug ɗin ta shinshina, ba ta ji komai ba, ta ɗanɗana a yatsa, ta runtse ido. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Wane dutse?" in ji Abba.

"Mai aman wuta. Yana sito."

"A gidana?"

"Na takarda ne, Abba. Na darasi."

"Alhaji, a bar maganar nan tukuna," in ji Umma.

Abba ya kurɓi shayinsa. "A kawo wa yaron nan ruwa da madara. Ke kuma ɗauko mu gani. Dutsen da ya sa baƙona kuka ai ya kamata in san shi."

Likita ne ya ɗauko shi, ya ce ya yi mini nauyi. Fentin bai gama bushewa ba ta baya, farar shaddar ta samu rabonta a ƙirji. Ya ajiye shi a tsakar gida kusa da igiyar shanya. Na zuba garin soda da sabulu, ina gode wa Allah da sabulun ba a cikin robar firij yake ba. Na ɗauki jug ɗin baƙi na tsiyaya sauran.

Dutsen ya yi shiru kamar ba zai yi ba. Sai jar kumfa ta taso ta baki, ta gangaro ta layukan da na zana, ta shanye gidajen ashana, ta bi siminti har takalmin Gwaggo. Ta yi tsalle gefe tana salati. Abba ya yi dariya har da riƙe igiya.

Ban shirya abin da ya biyo baya ba, bakina ne ya saba. "To, me dutsen nan ya faɗa daidai, me ya yi ƙarya?"

Abba ya sunkuya ya taɓa kumfar. "Ba zafi. Wannan ƙarya ce."

"Na gaske dutse ne da ya narke saboda zafi, Abba. Sai me?"

Likita ya ɗaga hannu, da gaske, kamar ɗan aji. "Ba wanda ya tura shi. Daga ciki ya taso."

Na ce wannan daidai ne. Na ce akwai iska a cikin narkakken dutsen, kamar gas ɗin da ke cikin lemon kwalba. In iskar ta samu hanya tana fita a hankali, narkakken dutsen gangarowa kawai yake yi. In ya yi kauri kuma bakin ya toshe, sai ta taru, ranar da ta fito ta fito da toka da duwatsu gaba ɗaya. Na daɗe ina magana, hannuna yana yawo a iska. Da na tsaya na ga Abba yana kallona kamar yau aka kawo ni gidan.

"Ni ƙaryar da na gani," in ji Gwaggo tana goge takalmi, "ita ce da aka ce mini yarinyar nan ba ta magana."

Umma ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta juya wurin Likita. "Ai darasin ƙarshe ke nan, sallama take yi da ɗaliban. Ko ba haka ba, Auta?"

Hannuna ya tashi zai tafi gilashi. Na kama shi da ɗayan na riƙe.

"A'a, Umma. An ba ni aikin na dindindin. Kuma ina so."

Kumfar tana ta 'yar ƙararta a kan siminti. Umma ta ɗauki jug ɗinta ta shige kicin.

Abba ya ce in raka baƙo. A bakin ƙofa Likita ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa.

"Kar ki ɗora wa Yaya," ya ce. "Ni na faɗa mata. Tun ina firamare nake dawowa in tarar da ƙofa a kulle, in karɓi makulli a maƙwabta. Na ce in na yi nawa gidan ba zan ƙara ba."

Ban taɓa jin wannan ba. Amma ban janye maganata ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai me ya sa ka sha?"

Ya yi 'yar dariya yana dafa ciki. "Kunya."

"To ni ma."

Ya kalli tabon rigarsa, ya ce zai kira ni. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya fasa ba.

Ranar Lahadi Umma ba ta yi mini magana ba sai a kan shara da wanke-wanke. Gwaggo ta bugo waya ta ce na zubar da miji a kan tulin jarida. Likita bai kira ba. Da yamma saƙo ya shigo.

"Cikina ya lafa, na gode da tambayar da ba ki yi ba. Yaushe ne darasin? Ana barin wanda ba malami ba ya zauna a baya?"

Na tambayi Hajiya Taswira, ta ce in dai zai yi shiru. Na tura masa lokacin. Bai ƙara cewa komai ba.

Litinin da safe na sa doguwar rigata mai ruwan toka da takalmi mara tsini. A bakin ƙofa na tarar da robobin biyu a cikin leda, an wanke su, an manna wa kowace takarda da rubutun Umma: BA NA SHA BA NE. Ban ga fuskarta ba, tana ɗaki.

Ofishin Shugaba na fara zuwa. Na yi tunanin in jira in ga ko Likita zai zo tukuna, sai na ga in na jira, amsar ba tawa ba ce. Na ce mata na karɓa. Ta ce in maimaita, ba don ba ta ji ba.

Ajin ya cika. Yara a rukuni-rukuni da ƙwansu, Malam Sinadari yana gadin zumarsa, baƙin malamai a jere a jikin bango. Kujera ɗaya na ajiye a can baya. Muna tsakiyar hasashen mai sanyi da mai ɗumi ƙofa ta buɗe. Likita ne, da wata rigar. Bai zauna ba, ya ja kujerar ya gyara wa wadda ke bayansa. Yayarsa ce. Ta zauna ta ɗora jaka a cinya, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Na tsiyaya ruwan. Dutsen ya yi aikinsa, yara suka yi ihunsu. Da kumfar ta kwanta na raba allo biyu, na juyo na yi tambayata.

Hannun da ya fara tashi ba na ɗalibi ba ne. Daga kujerar baya yake, da awarwaro a jiki.

Na ajiye allin, na bar gilashina yadda yake.

"Na'am, Yaya," na ce, yadda har ita za ta ji. "Ina sauraron ki."